Jami'ar Tamale da rabon makiyayi da ɗan kasuwa

'Yan uwa makiyaya da fatake masu saurarenmu a ruga da tasha da bakin iyaka.

Wanda ya manyanta a cikinku zai tuna 1994, lokacin da cinikin zabo a kasuwar Nakpayili, kusa da Bimbila, ya koma yaƙi tsakanin Konkomba da Nanumba, har ya shafi Dagomba da Gwanjawa. Rayuka suka salwanta, kasuwanni suka mutu. To, zabo dai dalili ne kawai. Asalin rigimar ƙasa ce da sarauta, da daɗewar rashin sauraren juna.

Shi ya sa maganar jami'a ta shafe ku. A 1992 gwamnatin Rawlings ta kafa jami'ar UDS a Tamale domin raya arewacin Gana. A tsarinta ana tura ɗalibai ƙauyuka su yi makonni suna zaune da jama'a, suna rubuta yadda ake rayuwa da abin da ke damun mutane. A 2019 aka yi dokar da ta mai da rassanta na Wa da Navrongo jami'o'i masu cin gashin kansu.

Amma akwai giɓi. Cikin harsunan da gwamnati ke ɗaukar nauyinsu a makarantu akwai Dagbani da Gwanja da Dagaare da Kasem. Babu Hausa, babu Fulatanci, alhali da Hausa ake ciniki a zango, gidan rediyon ƙasa ma yana labarai da ita. Kuma mu ba baƙin jiya ba ne. Alhaji Umaru, haifaffen Kano, ya karantar a Salaga, ya rasu a Kete Krachi a 1934.

Don haka idan ɗaliban nan suka iso inda kuke, kada ku ɓuya. Ardo, ka zaunar da su, ka nuna musu burtali da mashaya, ka faɗi shekarar da kakanka ya sauka da sarkin da ya ba shi masauki. Hajiya mai goro, ki faɗi wahalar da kike sha a shinge. Wanda ba a rubuta labarinsa ba, ranar rabon fili sai a kira shi baƙo.

Ku kuma sa yara makaranta, wata rana su riƙe alƙalamin da kansu. Allah ya ba mu zaman lafiya. Sai mako mai zuwa.