Hayaƙin Murhu da Lafiyar Gida



In murhu yana wari, kunkunniya tana taruwa a gindin tukunya, a duba abu uku: ko itacen ɗanye ne, ko toka ta toshe hanyar iska, ko an hura wutar da leda. To, a shanya itace, a kwashe toka kowace safiya, a hura da kara.

Hayaƙin nan yana jawo wa yara tari da ciwon haƙarƙari. Uwa ta sauke goyo kafin ta shiga madafi.

Da hunturu kada a kwana da garwashi a ɗaki rufe. Iskarsa ba ta wari, amma tana kisa. Wanda ya ji jiri da ciwon kai, a fitar da shi waje, a kai shi asibiti maza.

Allah ya ba mu lafiya, amin.