Jawabi Kan Bugun Zuciya Da Sinadarin Maƙoƙo

Duk mun san maƙoƙo. Tsokar wuyan nan da ke kumbura, ita ke samar da sinadarin T3 mai ƙarfafa zuciya wajen harba jini. To, bayan bugun zuciya, sinadarin kan ragu a kwanakin farko, kuma waɗanda nasu ya faɗi sosai sun fi fama da raunin zuciya.

Amma fa kada mu ruga kemis. A 2020 likitoci a Ingila sun bayyana cewa maganin levothyroxine na shekara guda bai ƙarfafa zuciyar masu ƙaramin ƙaranci ba. In ya yi yawa ma, rikita bugawarta yake yi. Mu bar likita ya auna jini tukuna. Allah ya ba mu lafiya, amin.