Ton 500 na iraniyom da ba a taɓa sayarwa ba

Na gode da kuka bar fada kuka zo. An ce in yi magana a kan rahotannin jakadu lokacin da ake kaɗa gangar yaƙi. Ba zan kai ku nesa ba, tunda akwai yaƙin da aka sako sunan ƙasarmu ciki, mu ba mu san hawa ba, ba mu san sauka ba.

Mi ne ne ma aikin jakada? Muna ganinsu a tele cikin kwat, suna gaisawa da shugaban ƙasa. Amma ainihin aikin rubutu ne. Ya gana da minista, ya zauna da ɗan kasuwa, ya koma biro ya rubuta wa gwamnatinsa takardar sirri: ga abin da na ji, ga wanda ya faɗa mini, ga iyakar yadda na yarda da shi. In zaman lafiya ake, takardun nan sai su sha ƙura. In an fara maganar yaƙi, layi guda cikinsu na iya zama hujjar tada jiragen sama.

Bayan harin 11 ga Satumba 2001, wani labari ya iso wa hukumar leƙen asirin Amurka, CIA, daga Italiya, wai Nijar ta amince ta sayar wa Saddam Husaini ton 500 na garin iraniyom. Labarin yana da ɗan abin jingina, don jakadan Iraki a fadar Paparoma, Wissam al-Zahawie, ya zo Yamai a Fabrairu 1999. Ofishin mataimakin shugaban Amurka, Dick Cheney, ya nemi ƙarin bayani. Sai CIA ta aiko wani tsohon jakada, Joseph Wilson, a Fabrairu 2002. Mutumen ya san Yamai, nan ya fara aikin diflomasiyya a shekarun 1970. Ya san Bagadaza kuma, shi ke riƙe da ofishin jakadancin Amurka can a 1990 lokacin da Saddam ya mamaye Kuwait.

Kwana takwas ya yi yana shan shayi da tsoffin ministoci da mutanen ma'adinai. Abin da ya gano, duk direban kamiyo na hanyar Tawa zuwa Arlit zai iya gaya mishi. Ma'adinai biyu ne a lokacin, Somaïr da Cominak, kuma kamfanin Faransa, Cogema, shi ke tafiyar da su. Abin da ake haƙowa a shekara wajen ton 3,000 ne, masu hannun jari sun san inda kowace ganga za ta. To ton 500 kashi ɗaya cikin shida ke nan. A loda shi a kamiyo, a bi Agadas, Tawa, Dosso, Gaya, har tashar ruwan Kwatano, Faransawa ba su gani ba, duwan ba su gani ba? Mu da ko buhun albasa ba ya wuce shinge ba a ƙidaya shi ba! Wilson ya ce da wuya ƙwarai a ce cinikin ya faru. Jakadiyar Amurka a Yamai, Barbro Owens-Kirkpatrick, ita ma haka ta riga ta rubuta.

Nan ne nike son ku buɗe kunne. Cikin waɗanda Wilson ya gana da su akwai tsohon firaminista Ibrahim Assane Mayaki. Ya ba shi labarin cewa a 1999 wani ɗan kasuwa ya neme shi ya gana da ƴan Iraki a kan faɗaɗa cinikayya, shi kuma ya zaci iraniyom suke nufi, sai ya kauce wa zancen saboda takunkumin Majalisar Ɗinkin Duniya. Ma'anar labarin a fili take, ba a yi ciniki ba. Amma wasu masu nazari a Washington suka ɗauki wannan gaɓa kaɗai suka ce, kun gani, ashe Iraki ta nema. Rahoton da ya ce babu, aka tatso e daga cikinsa. A ganina wannan ya fi takardar jabu haɗari, don babu wanda ya yi ƙarya a nan, mai karatun ne ya riga ya san abin da yake nema tun kafin ya buɗe takardar.

A Satumba 2002 gwamnatin Ingila ta sa zancen cikin kundin da ta fitar a kan makaman Iraki. A Oktoba shugaban CIA, George Tenet, ya sa aka cire shi daga wani jawabin Bush, don bai yarda da shi ba. Amma ranar 28 ga Janairu 2003, a gaban majalisar dokoki, Bush ya ce gwamnatin Ingila ta gano Saddam ya nemi iraniyom mai yawa daga Afirka. Ku lura da dabarar: ya jingina wa Ingila, kuma bai ambaci Nijar ba. Mako guda bayan haka, Colin Powell ya yi dogon jawabi a Kwamitin Tsaro, ko taɓa zancen Nijar bai yi ba.

Takardun kansu fa? Da aka miƙa su ga hukumar nukiliya ta duniya da ke Vienna, cikin ƴan awoyi, da binciken intanet, aka gane jabu ne. Wata wasiƙa mai kwanan watan Oktoba 2000 tana ɗauke da sa hannun Allele Elhadj Habibou a matsayin ministan harkokin waje, alhali ya bar kujerar tun 1989. A 2000 Nassirou Sabo ne minista. Kan takardar ma na Majalisar Ƙoli ta Soja ne, wadda ta daɗe da rushewa. Kowane magatakarda a Yamai da ya gan ta zai yi dariya. Ranar 7 ga Maris 2003 Mohamed ElBaradei ya gaya wa Kwamitin Tsaro takardun ba na gaske ba ne. Ranar 20 ga Maris bama-bamai suka fara sauka a Bagadaza. Ba a samu makaman da aka ce ba. Mutanen da suka mutu, alƙaluma sun bambanta, amma maganar dubban ɗaruruwa ake.

Wilson ya rubuta abin da ya sani a jaridar New York Times ranar 6 ga Yuli 2003. Kwana takwas bayan haka aka tona a jarida cewa matarsa, Valerie Plame, ma'aikaciyar sirri ce ta CIA, aikinta ya lalace.

Mu ma mun ɗanɗana kwanakin jiran yaƙi. A Agusta 2023, da CEDEAO ta yi barazanar amfani da ƙarfi, aka rufe iyaka, aka yanke wutar da ke zuwa daga Nijeriya, kun tuna abin da ya cika salulolinmu: takarda mai hatimi, muryar wani da ya ce yana da ɗan uwa a bariki, hoton tankoki wai a Jibiya. Wani na turawa don yana goyon bayan soja, wani don yana adawa da su. Mutane nawa suka tsaya suka duba ko wanda ya sa hannu yana kan kujerar a ranar? Ni ban ware kowane ɓangare ba. In gwamnati ta ce tana da hujjar maƙwabci na shirya muna sharri, tamu ce ko ta wani, haƙƙinmu ne mu ce a nuna, mu tambayi wa ya rubuta, yaushe, kuma wane sashe aka ɓoye. Ƴan Maradi da Katsina da ke aurar da juna su za su fara binne gawa.

Asabar mai zuwa kowa ya zo da takarda ɗaya ko murya ɗaya da aka turo mishi a WhatsApp a kan tsaro. Za mu zauna biyar biyar, mu duba kwanan wata, sa hannu, kan takarda, da inda ta fara fitowa. Yanzu ga makirfo, mu fara da ƴan baya, tun ɗazu nike ganin hannunku.