JAWABIN KAKURI: Ciwon Damuwa Yana Da Magani, A Daina Ɓoye Shi

Bismillahir Rahmanir Rahim. Wannan shi ne taƙaitaccen jawabin da wani Malami ya gabatar ga matasa 'yan'uwa a harabar wata makarantar Islamiyya da ke Kakuri, Kaduna, bayan sallar Isha'i.

Bayan yabo ga Allah Ta'ala da salati ga Manzonsa (SAW), Malam ya fara da tambayar mahalarta ko nawa ne a cikinsu suka taɓa tsokanar aboki da cewa sai an kai shi Barnawa. Aka yi dariya. Sai ya ce to wannan dariyar ita ce maudu'in zaman, domin saboda tsoronta ne wani ɗan'uwa zai yi wata uku ba ya barci, in an tambaye shi ya ce lafiya lau.

Malam ya ce Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska, amma matasanmu sun koyi ɗaure fuska tun suna yara, tun da an gaya masu namiji ba ya kuka. Ya ce ga fina-finai kuma, in za a nuna mai taɓin hankali sai a sa masa tsumma ya riƙa bin bola yara na jifansa, masu kallo na ƙyaƙyatawa. Don haka duk wanda bai kai ga tsumma ba sai ya ɗauka shi lafiyarsa ƙalau, alhali ciwo na cin sa a tsaye.

Daga nan sai ya juya ga halin da unguwannin ƙetaren kogi suke ciki. Ya ce masaƙar KTL da aka buɗe a Kakuri a 1957, zamanin Sardauna, ta rufe a 2002, wasu masaƙun ma suka bi bayanta, kuma da yawa daga ma'aikatan sun rasu suna jiran kuɗin sallama. Ya ce akasarin waɗanda ke zaune a gabansa 'ya'ya ne ko jikokin waɗannan ma'aikata, sun tashi sun ga uba yana wuni a ƙofar gida ba ya magana da kowa. Ya ƙara da cewa ga rikicin Fabrairun 2000 da na Nuwambar 2002, waɗanda suka raba garin gida biyu, kogi a tsakiya. Wanda ya ga abin da ya gani yana ɗan shekara bakwai, yau magidanci ne, amma ƙarar fashewar taya kan sa gabansa ya faɗi, gumi ya karyo masa. Malam ya ce wannan ba ragwanci ba ne, likitoci sun san shi, firgita ce da ke biyo bayan tashin hankali, kuma Musulmi da Kirista na Nasarawa da Makera da Sabon Tasha duk suna ɗauke da ita.

Game da masu cewa damuwa alamar raunin imani ce, Malam ya ce su ji tsoron Allah. Ya tunatar da cewa Annabi Yaƙubu (AS) ya yi baƙin cikin rabuwa da Yusuf (AS) har ganinsa ya tafi, kuma shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu, malaman tarihi sun kira ta Shekarar Baƙin Ciki. Ya ce wane ne a nan zai ce ya fi waɗannan bayin Allah imani?

Sannan ya kawo labarin Abu Zaid al-Balkhi, wani malamin Khurasan da ya rasu a 934 Miladiyya, wanda ya rubuta littafin Masalihul Abdan wal Anfus. Ya ce wannan malami ya raba baƙin ciki gida biyu. Akwai mai dalili sananne, kamar rasuwa ko asara, wanda ake yi wa magani da nasiha da gyaran tunani. Akwai kuma wanda ke sauko wa mutum ba gaira ba dalili, wanda ya ce tushensa a jiki yake, sai an haɗa da maganin jiki. Malam ya ce fiye da shekara dubu ke nan da malaminmu ya faɗi haka, amma yau sai a ce wai zuwa wajen likitan ƙwaƙwalwa koyi ne da Turawa.

Da ya zo kan alamomi, ya ce kowa kan yi baƙin ciki ya wuce. Abin lura shi ne idan ƙunci ya kai mako biyu kusan kullum, mutum ya daina jin daɗin abin da a da yake so, barci ya ƙaurace masa ko ya yi yawa, abinci ya fita ransa, jiki ya mutu, ya riƙa ganin kansa ba shi da amfani. Ya ce ɗan'uwan da a da shi ne na farko a wajen karatu, yanzu ya daina zuwa, ya daina zama majalisa, kafin a ce ya ja da baya a fara tambayar ko yana barci. Ya ce Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum kusan miliyan 280 ne ke fama da wannan ciwo a duniya, kuma fiye da 700,000 kan kashe kansu duk shekara.

Malam ya ce da yawa in abin ya dame su sai su nemi sauƙi a wajen wiwi da tiramol da kodin. Ya ce binciken da hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta yi tare da gwamnatin Nijeriya a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 ne suka yi ta'ammali da ƙwaya a ƙasar nan cikin shekara guda, kuma a Mayun 2018 ne gwamnati ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin. Ya ce ƙwaya kan kwantar da mutum na sa'o'i, ta tashe shi cikin ƙuncin da ya fi na jiya, ga bashi, ga kunya. Don haka in an ga yaro ya faɗa shaye-shaye, bayan an yi masa faɗa a kuma tambayi abin da yake gudu.

A kan addu'a da ruƙiyya, ya ce babu Musulmin da zai raina su, a ci gaba da yi. Amma ya ce wanda ya karye a ƙafa ana yi masa addu'a kuma a kai shi wajen ɗori, to haka ƙwaƙwalwa take. Ya gargaɗi iyaye da su guji gidajen mari, yana mai tunatar da abin da ya faru a Rigasa a Satumbar 2019, inda 'yan sanda suka fito da mutane sama da 300 daga wani gida, wasu da mari a ƙafa, jikinsu duk tabon duka. Ya ce wannan zalunci ne, ko da sunan wa aka yi shi.

Ya ce asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa yana nan kusa, ko gada ba sai an haye ba, kuma yawancin masu zuwa can kan ga likita su karɓi magani su koma gida a ranar. Ya ce maganin damuwa kan ɗauki makonni kafin a fara jin sauƙi, kuma likitoci kan so a ci gaba da sha na aƙalla wata shida bayan an warke, don haka kada wani ya ce wa ɗan'uwa ya jefar da shi don ya ga ya fara dariya. Ya ƙara da cewa a Janairun 2023 aka sanar da sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta kuma tabbatar wa majinyaci haƙƙin a kula da shi cikin mutunci.

A ƙarshe Malam ya ɗora wa kowa nauyi. Ya ce kowane ɗan'uwa ya tuna mutum ɗaya da ya daina gani, ya je gidansu kafin Juma'a mai zuwa, ya zauna ya saurare shi ba tare da ya fara da wa'azi ba. In ya ji shi yana cewa ya gaji da duniya ko gara ya mutu, ya tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa, domin masana sun tabbatar tambayar ba ta cusa wa mutum tunanin. In ya amsa da e, kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da fiya-fiya da maganin ɓera da igiya daga ɗakin, a sanar da babba a gidan, a raka shi asibiti a ranar. Kuma abin da aka ji a ɗakin amana ce, kada a ji shi a teburin mai shayi.

Malam ya rufe da roƙon Allah Ya yaye wa duk mai ƙunci ƙuncinsa, Ya ba marasa lafiya lafiya, Ya ji ƙan magabata. Daga nan aka shiga tambayoyi. Wassalam.