Jawabin Buɗe Ɗakin Rainon Tsirran Magani

Mai martaba Sarki, Allah ya ja zamaninka. Mai girma Shugaban Jami'a. Iyayenmu masu maganin gargajiya. Malamai da ɗalibai.

Duk wanda ya ratsa layin masu magani a kasuwa ya ga saiwar sanya, uwar magunguna, an ɗaure ta dami-dami. Kowane dami bishiya ce aka tone a daji, ba a shuka madadinta ba, ga shi irinta ba ya tsira da sauƙi. Madaci da hano kuwa sassaƙarsu ake yi har su bushe a tsaye. Abin da ya tara mu yau ke nan.

A ɗakin nan, ɗan toho ya ishe mu. Za a wanke shi tas, a ɗora shi cikin kwalba a kan abinci mai kama da kafaffen kunu: sukari da ma'adinai, bisa haɗin da Murashige da Skoog suka fitar a 1962, wanda aka dafa a zafin digiri 121 don kashe ƙwayoyin cuta. Sauran aikin na sinadaran girma ne guda biyu. Tun 1957, a Jami'ar Wiskonsin ta Amurka, Skoog da Miller suka nuna a jikin taba cewa idan oksin ya rinjaya saiwa ce ke fita, idan saitokainin ya rinjaya sai toho ya ɓullo, in kuwa suka yi kunnen doki sai yankin ya kumbura ya zama dunƙule. Amma awon da ya karɓi taba ba lallai ya karɓi sanya ba. Nemo awon itatuwanmu, ɗaya bayan ɗaya, shi ne aikinku, ɗalibai, kuma aikin haƙuri ne, domin fumfuna kaɗan kan lalata wahalar watanni.

Tsiron da ya fito daga kwalba ba za mu ce masa magani ba sai an dasa shi, ya girma, an auna ƙarfinsa.

Iyayenmu, ku kuka san bishiyar da ta fi kaifi da dajin da take. Ku nuna mana, dashen farko kuma naku ne. Ranka ya daɗe Shugaba, kwalaben nan suna bukatar haske da sanyi kullum, muna roƙon kada wutar ɗakin ta yanke.

Allah ya ja zamanin Sarki, muna roƙon ka buɗe mana ɗakin da albarkarka.