Mai Bindiga Ba Ya Gama Karatu

A Kano, daga Wapa zuwa Kantin Kwari, daga Singa zuwa kasuwar Sabon Gari, dukiya ce jibge, kuma da dare 'yan sintiri da masu gadi ke tsaronta. Wasunsu na riƙe da bindigar toka, a unguwannin da gida ke manne da gida, yara na kwana a soro. A irin wannan cunkoso, harsashin da ya kuɓuce ba ya rasa wanda zai samu.

Dokar makamai ta 1959 ta hana ba da lasisi ga wanda bai kai shekara 17 ba, da mai taɓin hankali, da mai raunin gani, da mashayi. Sai dai wanda aka tantance bara, idonsa na iya dushewa bana. Hannu ma yana mantuwa. Albarushin da ya sha damshin damina kan yi jinkirin tashi, mutum ya juyo da bakin bindiga don ya leƙa, sannan ta tashi. Wannan darasi ne da ake maimaitawa, kamar janye yatsa daga kunama da ajiye harsashi daban a kulle.

Dokoki ma suna sauyawa. A 2023 rundunar 'yan sandan Najeriya ta dakatar da ba da sabon lasisin ƙananan makamai.

Don haka ya kamata hedikwatar 'yan sanda ta Bompai, da sarakunan farauta, da masu unguwannin Fagge su tsara wa masu riƙe da bindiga bita duk shekara. Wanda ya ƙi halarta, kada a sabunta masa lasisi.