Bayanin Wuri a Takardar Neman Lasisin Sayar da Giya

Da yawa daga cikinmu za mu zauna a ofisoshin da ake karɓar takardun jama'a, don haka ya kamata mu san yadda ake ɗaure izini da iyakar wuri. Misalinmu a yau shi ne dokar lasisi ta Ingila da Wales ta 2003, wadda ta fara aiki sosai a Nuwamban 2005.

A ƙarƙashin wannan doka, wuri ake bai wa lasisin sayar da giya, kuma ƙaramar hukuma ke bayarwa. Mai nema zai rubuta adireshin wurin. Idan babu adireshi, sai ya ba da lambarsa a taswirar ƙasa ko cikakken kwatance. Sannan tilas ya haɗa da zanen ginin, wanda zai nuna iyakarsa, da bangayen ciki da na waje, da ƙofofin shiga da fita, da hanyar tsira idan gobara ta tashi, da matakala, da banɗaki, da ɗakin girki, da inda aka ajiye kayan kashe wuta. Idan akwai dandamalin makaɗa, sai an faɗi tsayinsa.

Me ya sa duk wannan ƙwanƙwance? Dokar tana da manufofi huɗu: hana laifi da hargitsi, tsaron lafiyar jama'a, hana damun maƙwabta, da kare yara. Da zanen ne 'yan sanda da 'yan kwana-kwana za su auna ko wurin ya dace. Haka kuma ana liƙa sanarwa a kan shuɗiyar takarda a jikin ginin har kwana 28, domin maƙwabci ya kai kukansa. Idan bayanin ya zama dunƙule, a kan me zai yi kuka? Wanda kuwa ya sayar a wajen iyakar da aka zana, kamar ya sayar ba lasisi ne, kuma ɗaurinsa na iya kai wata 6.

'Yan'uwa, ko da ra'ayinmu bai goyi bayan giya ba, darasin ya shafi kowane izini da zai bi ta teburinmu. Akawun da ya sa hannu a kan "gida ɗaya kusa da kasuwa" ya tauye haƙƙin maƙwabcin da bai san ana yi ba. Mu riƙa tambayar iyaka kafin mu buga hatimi.